Yadda Na Tuƙa Jirgin Jamus a Madina

Tun da na dawo daga Madina mutanen majalisarmu ta bakin tasha suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Laifina ne. Ranar da na sauka, ina cikin rabon dabino da zamzam, bakina ya suɓuce na ce ai har jirgin ƙasa na tuƙa a can. Alhaji Sabo, wanda ya yi hajji sau biyu kuma ba ya bari a manta, ya ajiye kofinsa ya ce shi dai iya saninsa babu jirgin ƙasa mai tafiya a Madina, sai fa in bayan tahowarsa aka shimfiɗa mini layi ni kaɗai. Na ba da labarin da baki ya fi sau goma, kowane karo sai an katse ni a tsakiya da dariya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi tun daga farko, kowa ya karanta a gidansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Idi. Shekara talatin da ɗaya na yi a reluwe. Da zuba gawayi na fara, na ƙare ina tuƙa dizal tsakanin Zariya, Kano da Nguru, har aka sallame ni na koma zaman majalisa. Abu biyu aka san ni da su, tsayar da jirgi ba tare da ruwa ya zube a kofin fasinja ba, da kuma baki. Na biyun ya fi na farkon jawo mini suna.

Umara ce ta kai ni, amma ba ita kaɗai ba. Ina da ya, Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana budurwa ta raka gwaggonmu hajji, a can aka aura mata wani Bahaushen Madina, irin waɗanda kakanninsu suka je da ƙafa ta hanyar Sudan suka zauna. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Abdul'aziz, ana ce masa Azzuz. Wata rana ta buga mini waya.

"Idi, ka zo," in ji ta. "Ƙafafuna sun ƙi, ba ni da sauran tafiya. Yaron nan ya haura talatin bai san kowa nawa ba. Hausa yana jin ta sarai, amma wallahi ko kalma ɗaya ba ya mayarwa, sai Larabci. Ka zo ka zauna da shi, ya'ani ko zai saba da kai. Ba na so zumuncin ya tsaya a kaina."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wanda ya sa shugaban tashar Ringim dariya ba zai kasa buɗe bakin ɗan yayarsa ba. Kwana goma sha biyu zan yi a Madina, kuma a lissafina biyu ma sun isa.

Daga Zariya zuwa Kano babu abin faɗa, sai takaicin da direban jirgin ƙasa kan ji in an cusa shi a kujerar bayan mota yana hangen layin dogo ta taga, ciyawa ta cinye shi. A filin jirgin sama kuwa yini muka yi. An ce ƙarfe goma, aka ce sha biyu, aka ce bayan la'asar. Fasinjoji suna ta masifa, ni ko uffan ban ce ba, don na san sau nawa bayin Allah suka kwana a tashar Malam Madori suna jirana. Wannan ne hawana na farko a jirgin sama. Tafiyar lafiya lau, amma saukar Jidda ban yaba ba. Matuƙin ya buga mu da ƙasa, jakunkuna suka yi tsalle, mutane suna ta kabbara suna yaba masa. Na gaya wa na kusa da ni cewa da ni ne na tsaya haka a tashar Kano, da kashegari ina ofis hula a hannu.

A wurin duba kaya aka yi 'yar ƙaramar tsiya. Yaya ta yi saƙon kuka da daddawa, matata kuma, don gwaninta, ta ƙulla kukar a ƙananan ledoji farare, ƙulli-ƙulli, guda ashirin da wani abu. Jami'in ya ɗaga ɗaya ya ga koren gari, ya dube ni, ya ce, "Esh hada?" Na ce miya ce. Ya kira wani, wanin ya kira wani. Na shiga kwatance da hannu, ina kaɗa miya a iska, ina yankar tuwo ina kaiwa baki. Sai ga wani jami'i baƙi, matashi. Ya shinshina kukar, ya buɗe gwangwanin daddawa, sauran biyun suka ja da baya suna toshe hanci, shi kuwa ya yi murmushi. Daga murmushin na san an sha yi masa miyar kuka a gida. Na sakar masa Hausa kamar famfo. Ya saurare ni tsaf, yana gyaɗa kai daidai inda ya kamata, da na gama sai ya ba ni amsa mai tsawo da Larabci, ya rufe jakar ya ce, "Khalas ya hajj, ma'assalama." Na ja kayana ina cewa a raina, to ga irin ciwon da Yaya take faɗa.

Kwana ukun da na yi a Makka ba zan sa su cikin wannan labari ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba na majalisa ba.

Zuwa Madina motar haya muka shiga mu shida, direban wani Bayamale ne siriri. Muna hawa babbar hanya motar ta fara wani ƙara, tin, tin, tin, ba tsayawa. Na tambayi Alhaji Ila, wani ɗan Maraɗi da ke gefena wanda ya saba zuwa, ko wani abu ya lalace. Ya ce a'a, haka ake yin motocin ƙasar nan, in gudu ya wuce ɗari da ashirin sai su yi ta kuka don direba ya sassauta. Na ce to me ya sa bai sassauta ba? Alhaji Ila ya ce in zuba ido. Ai kuwa Bayamale ya miƙa hannu ya ƙara ƙarar kaset har kukan ya ɓace. Ni da na ƙare aikina ban cika wuce sittin ba, haka na riƙe kujerar gaba da hannu biyu har muka tsaya cin shinkafa a wani kanti na bakin hanya. Kaza guda aka ɗora mana a kan faranti mu biyu, ba miya, sai ɗan yaji a ƙaramin kwano.

Masaukin da aka kama mana a Anbariyya yake, mu biyar a ɗaki. Rigimarmu ɗaya ce, na'urar sanyi da suke kira mukayyif. Uku suna so, biyu ba ma so, Alhaji Ila ya naɗe kansa da tawul ɗin harami yana kiran sunan Allah. Da safe na je na yi ziyara, na yi sallama ga Manzon Allah, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. A hanyar dawowa, kusa da masallacin Anbariyya, na ci karo da abin da ban zata ba, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta zamanin Turkawa, ginin dutse, da wani tsohon kan jirgi mai gawayi a tsaye a harabar. An ce tun kafin a haife ni jirgi bai sake tashi daga nan ba. Na daɗe a jikin shingen ina kallonsa har wani mai shara ya tambaye ni ko ɓata na yi.

Da hantsi Azzuz ya zo ɗaukata. Dogo ne, da tabarau, cikin farar jallabiya, malamin lissafi a wata sakandare. Na gyara tsayuwa ina jiran ya durƙusa ya gaishe ni yadda ɗan 'yar'uwa kan yi, sai na ga ya nufo kaina gadan-gadan. Na kauce, hulata ta faɗi. Ashe goshina zai sumbata, haka suke gaida manya. Ya ɗauko hular ya kaɗe ya miƙo mini, ya ce, "Ahlan ya khali." Khali shi ne kawu a bakinsu. Daga nan har Aziziyya, unguwarsu, ni nake magana shi yana gyaɗa kai.

Haɗuwata da Yaya sai wanda ya gani. Ta tsufa, ta yi ƙiba, tana dogara sanda, amma hararar nan tata tana nan. Da muka gama koke-koke aka zaunar da ni a falo, Azzuz ya shigo da butar gahawa da wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Ya tsaya a kaina ya zuba kaɗan ya miƙo. Na shanye na mayar masa. Ya sake zubawa. Na ce a raina ba a ƙin abin hannun mai gida, na shanye. Ya sake zubawa. A al'adarsu, in ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza kofin kafin ka mayar, in ba ka girgiza ba ƙari kake nema, kuma mai zubawa ba ya zama sai baƙo ya ƙoshi. Ni ban sani ba, shi kuma bai faɗa ba. Ina jiran ya gaji, yana jiran in girgiza. Sai da na sha tara, zuciyata tana bugawa kamar injin niƙa, Yaya ta shigo da dabino ta gane abin da ake ciki.

A nan ne bakina ya yi halinsa. Na ce, "Yaya, wai ɗan naki kurma ne, ko Hausar ce take yi masa ƙaiƙayi a baki?"

Na yi dariya ni kaɗai. Azzuz ya ajiye butar a hankali, ya faɗi wata magana mai ladabi da Larabci, ya fita.

"Idi," in ji Yaya, "yana jin ka fa. Kai har yanzu bakinka bai tsufa ba?"

Ta ba ni labarin cewa yana ƙarami yana yin Hausarsa daidai gwargwado. Wata shekara alhazai daga gida suka sauka a wurinsu, suka mai da shi abin wasa, su sa shi magana su yi ta kwaikwayonsa suna riƙe ciki. Tun daga lokacin ya kulle. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. An kira ni gyara, ga shi ranar farko na ƙara wa ƙofar kwaɗo.

Na tattaro kayana na dawo gidan, amma kwana huɗu suka wuce babu abin da ya sauya. Da safe wake da wani faffaɗan burodi da suke kira tamis, da rana shinkafa, ranar da aka yi tuwo da kukar da na kawo kuwa Azzuz ya ci malmala uku bai ce komai ba. Ladabi kam ba a magana. Shi yake kai ni Harami, shi yake ɗauko mini takalma, amma tsakaninmu sai "tafaddal" da "shukran". In ya dawo daga makaranta ya ci abinci sai ya shige ɗakinsa ya rufe. Yaya ba ta sake tayar da maganar ba, kallona kawai take yi, ni kuma ina ƙirga kwanakin da suka rage.

Rana ta biyar bayan la'asar ina kishingiɗe a falo sai na ji ƙahon jirgin ƙasa. Na ce ko gahawar nan ce ba ta sake ni ba har yanzu. Aka sake busawa, sannan na ji ƙarar ƙafafun ƙarfe a kan mahaɗar layi, wadda ko a kabari na ji ta zan gane. Ban san lokacin da na tura ƙofar ɗakin Azzuz ba, ko sallama ban yi ba. Yana zaune gaban kwamfuta, a allon kuma ga layin dogo ya miƙe, ga falwayoyi suna wucewa, ga allurar gudu, kamar kana zaune a kan jirgi kana kallo ta gilashin gaba. Alhaji Sabo, a nan sai ka gyara zama. Wasa ne na kwamfuta, wani abokin aikinsa ya ba shi a faifai, an kwaikwayi layin dogo na ƙasar Jamus da duk dokokinsa. Gefen allon duk ya manna 'yan takardu da lambobi.

Ya miƙe a kunyace zai kashe. Na ce, "Bari, bari!" Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya ce, "Tafaddal ya khali."

Na zauna ina hura hanci. Yaya ta jawo sandarta ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa yau zai ga aikin masu abin. Ya nuna mini maɓallin ba da wuta da na birki. Na tayar da jirgi sumul, ko girgiza babu, na ji ya ce "Masha Allah" a bayana. Muna cikin tafiya sai ga wani allo ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, tsininsa yana kallon ƙasa, an rubuta 8 a jiki. A layinmu in ka ga takwas to takwas ake nufi, ko gada ce ta tsufa ko ruwa ya ci ƙasa a ƙarƙashin layi. Na taka birki na sauko da jirgi takwas cif, muka shiga rarrafe. Wata saniyar Jamus da ke gefen layi ta daɗe a allon har na fara sabawa da ita. Azzuz ya yi ta mutsu-mutsu, daga bisani ya kasa daurewa.

"La ya khali, tamanin! Tamanin!"

Ya ɗauki biro ya rubuta 8, ya ƙara sifili a gabansa. Ashe Jamusawa ba sa rubuta sifilin ƙarshe. Takwas tamanin ce, shida sittin, sha biyu ɗari da ashirin. Mutanen da suka ƙera jirgi mai wannan gudu, amma suna rowar fenti. Allah dai ya taimake mu, daga ashirin zuwa tamanin bakin Bahaushe da na Balarabe ɗaya ne, don haka a ranar muka samu abin da za mu ce wa juna.

Da zane ya koya mini sauran. Allo ruwan ɗorawa mai kusurwa uku gargaɗi ne, yana cewa ga gudun da ake so a gaba, ka fara shiri. Farin allo mai kusurwa huɗu da baƙar lamba shi ne inda dokar ta fara, kafin kan jirgi ya iso shi dole ka riga ka sauko. A jikin sigina ma haka abin yake da fitila, lamba ruwan ɗorawa tana faɗin na gaba, farar lamba tana faɗin na nan. Na ce wannan ai karatun 'yan aji ɗaya ne, a sake ba ni jirgi.

Muka sake tashi. Ga allo ruwan ɗorawa da 6. Na gan shi tun daga nesa, na fara sassautawa cikin natsuwa, irin birkin da ake koya wa yara da shi. Ina wuce allon sai jirgin ya ƙwace daga hannuna, ya danne birki da kansa, allura ta zube ƙasa, wata murya ta Bajamushe tana ta maimaita wata doguwar kalma kamar mai atishawa. Muka tsaya cik a tsakiyar gona.

Na ce, "Me na yi?"

Azzuz ya nuna wani maɓalli da ban taɓa ba. Da zane da hannu da taimakon Yaya, wadda ta zama tafinta, na gane cewa akwai maganaɗisu a gefen layi daidai allon gargaɗin. In ka wuce shi, kana da sakan huɗu ka danna maɓallin nan, wato ka shaida wa jirgi cewa ka gani. In ba ka danna ba, ko da kana kan birki, jirgin zai ɗauka barci kake ko ka mutu, ya tsayar da kansa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Na gani mana! Ga hannuna a kan birki, me kuma zan rantse da shi? Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya taɓa tambayata ko na ga sigina!" Na tuna Bayamale da kaset ɗinsa, na ce lallai wannan jirgi ba zai yi kasuwa a hanyar Madina ba. Sau uku Bajamushen nan ya tsayar da ni a yammacin. Yaya ta yi dariya har da zama a ƙasa, tana cewa, "Oh, direban Nguru!" Amma na lura da abu ɗaya. Azzuz bai yi dariya ba ko sau ɗaya, alhali ya fi kowa haƙƙin yi. Duk lokacin da jirgin ya tsaya sai ya ce "Ma'alesh ya khali," ya mayar da ni farko. Wannan ya fi tsawar Bajamushen yi mini ciwo.

Daga ranar, kullum bayan la'asar muna ɗakin. Hannuna ya ƙi koyon maɓallin nan, tsohon hannu ne, ya riga ya saba da nasa. A rana ta uku da farawa, ina tuƙi ina ba Yaya labarin wata maƙwabciyarmu ta dā, Azzuz ya shigo da tiren shayi a hannu biyu. Allo ruwan ɗorawa ya wuce ban ko kula ba. Sai na ji an daka tsawa a bayana.

"Kawu, danna! Danna mana!"

Na danna. Jirgi ya ci gaba da tafiya. Maganganu wajen biyar suka taso mini har maƙogwaro, kowacce ta fi 'yar'uwarta daɗi, na haɗiye su duka. Ban waiwaya ba, ban dubi Yaya ba. Na ce, "Yauwa, na gode," kamar kullum haka muke yi, na sauko da jirgi sittin kafin farin allo. A duk aikina na reluwe ban taɓa riƙe birki mai wuya irin na bakina a ranar ba.

Da muka isa tasha sai ya nuna mini wata damuwa tasa. In an gama tafiya kwamfutar takan fito da sakamako, kuma wata da watanni duk ƙoƙarinsa sai ta ja masa jan layi guda, wai ya wuce gudu a wuri kaza. Ya duba ya sake dubawa bai ga inda ya yi laifi ba. Na ce ya zauna ya tuƙa in gani. Gaskiya yaron ya iya, hannunsa a kan maɓallin nan kamar da shi aka haife shi. Muka shiga wata doguwar kwana a kan sittin. A ƙarshenta ga farin allo da 12. Kan jirgi yana wuce allon sai Azzuz ya ba shi wuta. Ban san lokacin da na daka masa duka a bayan hannu ba, irin wanda maigidana ya yi mini ina sabon shiga.

"Kai kaɗai ne a jirgin? Tarago nawa kake ja?"

Ya ce, "Ashara." Sannan a hankali, "Goma."

Na karɓi carbin Yaya na shimfiɗa shi a kan tebur, na lanƙwasa shi a gefen faranti. Na ja kansa har ya fita daga lanƙwasar, na nuna masa sauran 'ya'yan carbin suna nan a kwana. Na ce, "Kanka ya fita, wutsiyarka fa? Mutanen taragon ƙarshe ba 'ya'yan kowa ba ne? In allo ya ce ka rage, da kai ake ragewa. In ya ce ka ƙara, sai wutsiya ta wuce. A wurinmu gadi, wato mai lura da jirgi, yana taragon ƙarshe, sai ya ɗaga maka koriyar tuta kafin ka taɓa wuta. Wannan ba dokar Jamus ba ce, dokar jirgi ce."

Kwamfuta ba ta da gadi, don haka na ce mu ƙirga falwaya. Malamin lissafi ya ja takarda, ya auna tsawon tarago goma da tazarar falwayoyi, ya ce biyar. Na ce ya ƙara ɗaya ta sadaka. Ya sake tuƙawa tun daga farko. Da ya wuce farin allon muka shiga ƙirgawa tare da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har shida, sannan ya ba shi wuta. Da sakamako ya fito babu ja ko ɗigo. Azzuz ya dafe ƙirji da hannu biyu ya ce, "Oh ni 'yasu!"

Jama'a, ƙato mai gemu, malamin makaranta. Amma a ina zai ji wata Hausar in ba ta uwarsa ba? Hausar matan Zariya ce ta shekara arba'in da suka wuce, tsaf, har da karin muryar. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini, na ce, "Ai kuwa dai, ɗana."

Ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni. Yana tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Kawu, gadin nan, in ya yi barci fa?"

Na ba shi labarin wani gadi da ya yi barci bayan mun ƙetare gada, na yi ta rarrafe ina leƙen tuta har wani mai jaki ya wuce mu ya yi mana sannu. A nan ya yi dariya, ta farko da na ji. Shi ma ya ba ni nasa, rabi Hausa rabi Larabci, in ya kakare Yaya ta cika masa. Wai yana yaro uwarsa takan ce masa kawunsa yana tuƙa jirgin ƙasa, shi kuma sai ya je Anbariyya ya leƙa tsohon kan jirgin nan yana cewa irin wannan ne. Da kiran sallar magariba ya tashe mu shayin ya daɗe da hucewa, ba wanda ya sha.

Kwana huɗun da suka rage ba su ishe mu ba. Ya tambayi sunayen 'ya'yana ya rubuta, ya tambayi wane ne babba a gidanmu yanzu, ya tambayi ko gaskiya ne a tashar Nguru ana sayar da kifi ta taga. Bajamushe kuwa ya ƙara tsayar da ni sau biyu, ba zan ɓoye ba.

Ranar da zan taho, da hantsi, Azzuz ya sauka da jakunkuna zuwa mota. Yaya tana zaune a bakin gado tana ɗaure mini ƙullin na'ana'ar Madina. Ta ce, "Shekara ashirin ina yi masa Hausa yana ba ni Larabci. Ashe jirgin Jamus ya kamata in nemo." Muka yi dariya. Ta ƙulle ledar, ta riƙe ta a cinya ba ta miƙo ba.

"Yanzu hankalina ya kwanta, Idi. Ranar da ta Allah ta kasance, shi zai buga maka waya, kuma za ka gane abin da yake faɗa."

Na karɓi ledar, na durƙusa na yi mata sallama yadda ake yi a gidanmu.

Tun da na dawo Azzuz ya kira ni sau huɗu. Duk lokacin da na ga doguwar lambar nan a waya sai gabana ya faɗi, in tashi daga cikin mutane in koma gefe kafin in amsa. Shekaranjiya ma ya kira. Na ce, "Lafiya?" Ya ce lafiya lau, jirgin kaya ya samu mai tarago talatin, yana so ya ji falwaya nawa zai ƙirga. Na ce zan gaya masa, amma ya fara miƙa wa Yaya wayar mu gaisa tukuna.